Yadda ake zaɓar murhun ƙwayar katako da kayan aikinsa, da yadda ake gashi a kansa

Duk wanda ya zauna da Amurkawa masu sha'awar gashin nama a tsakar gida ya san gardamarsu ba ta ƙarewa: wannan ya ce gawayi, wancan ya ce gas, wani kuma ya ce tun da ya sayi murhun da ke cin ƙwayoyin katako bai sake waiwayar sauran ba. Wannan murhu na ƙarshe, wanda suke kira da sunan makamashinsa, wato felet, wani mutum mai suna Joe Traeger ne ya ƙera shi a garin Mount Angel na jihar Oregon a shekarun 1980, ya kuma yi masa rajistar haƙƙin ƙirƙira. Kamfanin Traeger ya mamaye kasuwarsa har zuwa lokacin da wa'adin rajistar ya cika, daga nan ne wasu kamfanoni suka shigo, irin su Pit Boss da Camp Chef da Green Mountain Grills da recteq da Yoder Smokers, sannan Weber ya biyo baya a 2020. Yawan sunayen nan shi ne ke rikita mai saye, kuma sau da yawa na ga an kashe kuɗi mai yawa a kan abin da bai dace da buƙatar gidan ba.

Matakin farko: a san abin da ke cikin murhun

Kafin a kwatanta wani da wani, dole ne a fahimci yadda dukkansu suke aiki, domin ginin nasu iri ɗaya ne. A gefen murhun akwai akwati, wato rumbun da ake zuba ƙwayoyin, waɗanda dusar katako ce aka matse da ƙarfin inji har ta dunƙule ta zama 'yan guntaye masu kaurin milimita 6 ko kusa da haka. A ƙasan rumbun akwai dogon ƙarfe mai murɗi, irin wanda ke cikin injin niƙa nama, yana juyawa a hankali yana tura ƙwayoyin zuwa wani ɗan kasko da ke ƙasan murhun. A cikin kaskon akwai sandar ƙarfe da lantarki ke zafafawa har ta yi ja, ita ce ke kunna wutar, fanka kuma tana hura iska ba tsayawa. A saman kaskon an kifa farantin ƙarfe mai raba zafi, a samansa kuma an karkata wani babban tire da ke tare kitse ya gangarar da shi zuwa ɗan bokiti a waje, sai ragar da ake ɗora nama a can sama.

Abin lura a nan shi ne, tsakanin wutar da naman akwai ƙarfe hawa biyu. Naman ba ya ganin harshen wuta, iska mai zafi da hayaƙi ne kawai ke kewaya shi. Wata 'yar na'ura tana auna zafin cikin murhun, idan ya sauka ta ƙara gudun ƙarfen turawa, idan ya hau ta rage. Saboda haka wannan abu ya fi kusa da tanda mai hayaƙi fiye da tukubar mai tsire, kuma wanda ya riƙe wannan a ransa ya riga ya tsira daga babban kuskuren da ake yi wajen saye.

Mataki na biyu: a tantance abin da za a riƙa gasawa

A nan ne nake so mai karatu ya daɗe, domin sauran matakan duk a kan wannan suke tsayawa. A ɗauki takarda a rubuta abubuwa goma da ake sa ran gasawa a cikin wata uku masu zuwa. Idan yawancinsu manyan yanka ne da ke son wuta kaɗan da dogon lokaci, kamar ƙirjin saniya, da haƙarƙari, da cinyar rago, da kaza sukutum, da kifin da ake son a yi bandarsa, to murhun ƙwayar katako ba shi da na biyu wajen sauƙi. Yana iya riƙe zafi na digiri 107 a ma'aunin Salsiyos tsawon awa goma sha biyu ba tare da an tsaya ana fifita ko ana ƙara ice ba, mai gida ya kwanta ya yi barcinsa.

Idan kuwa abin da ke cikin takardar siraran yanka ne, irin su tsire da nama mai faɗi da ake so bayansa ya soyu cikin minti biyu cikinsa na da sauran ruwa, to gaskiyar magana ita ce gawayi ya fi. Yawancin waɗannan murhuna suna tsayawa ne a wajen digiri 230 zuwa 260, kuma zafin nasu na iska ne, ba irin na garwashi da ke dukan nama kai tsaye ba. Sirarin nama a irin wannan zafi yakan bushe kafin ya yi launi. Akwai dabarun rage wannan matsala, zan zo kansu, amma babu wadda ta mayar da murhun ya zama tukuba. Haka nan wanda ya saba da hayaƙi mai nauyi na itacen girki zai ji hayaƙin wannan murhu ya yi masa sauƙi, domin fankar tana sa ƙwayoyin su ƙone tas, kuma gwargwadon hawan zafi gwargwadon raguwar hayaƙi. Wasu na ganin wannan aibi ne, ni kuwa a wurin kaza da kifi ina ganinsa alheri, tun da hayaƙin ba ya danne ɗanɗanon yaji.

Mataki na uku: kwatanta murhu da murhu

Abu na farko da za a duba shi ne kaurin ƙarfe, kuma ba a gane shi a hoto. A je shago a ɗaga murfin a ji nauyinsa, a rufe a duba ko bakinsa ya zauna daidai ko akwai tsaga. Siririn ƙarfe yana saurin zubar da zafi idan ana iska ko sanyi, sai murhun ya riƙa cin ƙwayoyi da yawa, kuma shi tsatsa ke fara cinyewa. Kamfanin Yoder na jihar Kansas ya yi suna ne a kan haka: jikin murhunsa mai lamba YS640 ya haura milimita 3 a kauri, nauyinsa ya wuce kilo 130, kuɗinsa ma ya ninka na gama-gari. Kamfanin recteq na jihar Jojiya kuwa ya fi mayar da hankali ga sanya ƙarfen da ba ya tsatsa a kaskon wuta da sauran sassan ciki. Pit Boss da Z Grills suna ɓangaren masu sauƙin kuɗi, kuma suna yin aikin, sai dai mai su ya dage da rufe su daga ruwan sama.

Abu na biyu shi ne na'urar sarrafa zafi. Tsofaffin murhuna suna zuba ƙwayoyi ne bisa ƙayyadadden lokaci, don haka zafin yakan yi sama da ƙasa da tazara mai faɗi. Sababbi suna da na'urar da ake kira PID, wadda ke lissafi a kai a kai tana daidaita gudun ƙarfen turawa da na fanka, sai zafin ya tsaya kusa da inda aka sa shi. Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne, wannan hawa da saukar ta tsofaffin ita ce ke ƙara musu hayaƙi, domin duk lokacin da sababbin ƙwayoyi suka faɗa kan wutar da ta lafa sai sun turnuƙe kafin su kama. Shi ya sa kamfanoni suka koma suna ƙara wa sababbin wata hanya ta musamman ta samar da hayaƙi: Traeger yana da maɓallin da ya kira Super Smoke a manyan murhunansa, Camp Chef kuma a samfurinsa na Woodwind Pro ya sa wani ɗan aljihun ƙarfe a saman kaskon wuta inda ake jefa guntayen ice na gaske. Ga mai son hayaƙi sosai, wannan aljihu ya fi duk wani ado da za a nuna masa amfani.

Abu na uku shi ne ko murhun yana ba da damar wuta ta taɓa nama. Pit Boss yana da farantin da ake ja gefe sai ramuka su buɗe a saman kaskon, Camp Chef ma yana da irin wannan a wasu samfuransa, Weber kuwa ya gina nasa ne yadda zafin zai kai digiri 315. A sani dai cewa wurin da wutar ke fitowa bai fi faɗin faranti ba, yanka biyu ko uku yake ɗauka a lokaci guda.

Game da girma, lambar da ke jikin sunan murhu, kamar 575 ko 780 a samfuran Traeger, yawanci faɗin wurin gashi ne da murabba'in inci, amma kamfanoni da yawa sukan haɗa har da ragar sama a lissafin, wadda kaza sukutum ba lallai ta shiga ƙarƙashinta ko samanta ba. A auna ragar ƙasa ita kaɗai. Rumbun da ke ɗaukar kilo 8 zuwa 9 ya isa gashin dare guda, kuma yana da kyau a sami mai ƙofar zazzagewa a ƙasa, domin kwashe ƙwayoyi da kofi aiki ne mai gajiyarwa. Camp Chef ya ƙara wani sauƙi, wato sandar da ake ja tokar kasko ta zube cikin ɗan kofi a ƙasa.

Sai batun haɗa murhu da wayar hannu ta intanet, wanda masu talla suka fi kururutawa. Yana da daɗi mutum ya ga zafin namansa yana cikin ɗaki, amma bai ƙara wa naman komai ba, kuma idan kuɗi bai isa duka ba, gara a sa shi a kaurin ƙarfe. Abin da ya fi shi muhimmanci shi ne tsawon garanti da samun kayan gyara. Sandar kunna wuta da fanka da injin da ke juya ƙarfen turawa duk abubuwa ne da ke mutuwa wata rana, don haka a tabbatar ana sayar da su daban kafin a biya. Wanda zai sayi na hannu kuma ya tuna cewa naman alade yana cikin abin da aka fi gasawa a irin wannan murhu a Amurka. Ya tambayi mai shi, ya kuma sa a ransa sauya raga da tiren kitse.

Mataki na huɗu: lantarki da makamashi

Murhun ba ya aiki sai da lantarki. Yakan ja kusan wat 300 a 'yan mintunan farko da sandar ke zafi, sannan ya sauko kusan wat 50, wanda ƙaramar inbata ma za ta ɗauka. Amma idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar gashi, fanka da ƙarfen turawa za su tsaya, wutar ta mutu. Wanda yake tunanin ɗauko shi daga Amurka zuwa Kano ko Yamai ya san cewa an gina shi ne a kan bolt 120, alhali namu 220 zuwa 230 ne, don haka sai dai ya nemi wanda aka yi wa kasuwar Turai ko ya haɗa da taransifoma mai rage ƙarfi. Green Mountain Grills yana da ƙaramin samfuri mai aiki da bolt 12 na batirin mota. Kafin duk wannan ma, mai saye ya fara tabbatar da inda zai riƙa samun ƙwayoyin, domin murhun ba ya cin gawayi ko ice.

Ana sayar da ƙwayoyin a buhu mai kilo 9, wani lokaci 18, kuma murhu yana cin kusan rabin kilo a awa idan zafin kaɗan ne, ya kai kilo ɗaya da rabi idan an ƙure shi. A sayi wanda aka rubuta na girki ne, kada a kuskura a yi amfani da na ɗumama ɗaki, domin wannan yakan ƙunshi itatuwa masu ƙaro da ba a tanade su don abinci ba. Itacen hikori yana da hayaƙi mai ƙarfi da ya dace da naman sa, meskit ya fi shi kaifi (dangin ƙirya ne, wadda maƙera suka san ƙarfin gawayinta), tuffa da ceri kuwa suna da taushi, sun fi dacewa da kaza da kifi. Ƙwaya mai kyau tana da sheƙi, kuma idan an karya ta sai ta yi ƙas. Wadda ta rugurguje a hannu ta sha danshi.

Danshin nan shi ne babban makiyi. Na taɓa barin rumbu cike na yi tafiyar mako biyu a lokacin ruwa, murfin bai rufu sosai ba. Da na dawo na tarar ƙwayoyin sun kumbura sun koma dusa, sannan sun bushe sun sandare a jikin ƙarfen turawa kamar siminti. Sai da na kwance injin, na zare ƙarfen da ƙyar, na yi yinin ranar ina ƙwaƙule bututun da sanda. Tun daga lokacin a bokitin roba mai murfi nake ajiye su, rumbun kuma ba ya kwana da kaya idan hadari ya haɗu.

Mataki na biyar: kayan aikin da suka cancanci kuɗi

Na farko, kuma wanda ba a tsallake shi, shi ne ma'aunin zafi mai tsini da ake soka wa nama ya nuna lamba cikin daƙiƙa biyu ko uku. Thermapen na kamfanin ThermoWorks ya yi fice, amma masu araha ma suna aiki idan an gwada su: a cika kofi da ƙanƙara a zuba ruwa kaɗan a tsoma tsinin, ya kamata ya nuna sifili. Akwai kuma marasa waya irin MEATER da ake bari a cikin nama, masu amfani ga gashin dare. Na biyu rigar rufe murhu daga ruwa. Na uku injin zuƙe toka. Na huɗu babban kasko ko farantin baƙin ƙarfe, wanda idan aka bar shi ya ɗau zafi minti goma sha biyar a kan raga yakan soya bayan nama yadda iska ba za ta iya ba; wannan ita ce dabarar da na ambata, a dafa naman a ƙaramin zafi har ya kusa nuna, sannan a ƙarasa shi a kan kaskon minti ɗaya kowane gefe. Bututun ƙarfe mai huji-huji da ake cika wa ƙwayoyi a kunna bakinsa ya yi ta turare na awoyi yana ƙara hayaƙi da kuɗi kaɗan. Sai safar hannu mai jure zafi da dogon awartakin juya nama. Burushin waya na goge raga kuwa a guje shi, domin likitoci sun sha ciro silin wayarsa daga maƙogwaron mutanen da suka haɗiye shi a cikin nama. Katakon kankare raga ko dunƙulen takardar alminiyom ya wadatar.

Mataki na shida: kunnawar farko

A ajiye murhun a fili, nesa da bango da rumfa da duk abin da ke kama wuta, kuma ko da wasa kada a kunna shi a ɗaki ko gareji, saboda iskar guba marar wari da ke fita daga kowace wutar ice. A cika rumbu, a sa ƙarfen turawa ya juya har ƙwayoyi su fara faɗawa kasko. A bi littafin kamfanin game da murfi, domin da yawa suna so a bar shi buɗe har farin hayaƙin farko ya wuce a ji rurin wuta. Daga nan a rufe, a kai zafin sama a bar shi minti 30 zuwa 45 babu komai a ciki, don man masana'anta ya ƙone.

Bayan haka a yi gwajin burodi. A sa zafin a digiri 177, a jera yankan burodi a cika ragar, a rufe na 'yan mintuna, sannan a juya su a inda suke a ɗauki hoto. Inda ya yi baƙi nan ne wurin zafi, yawanci gefuna ne inda iska ke bi ta bakin tire, inda ya rage fari kuma nan ne mai sanyi. Da wannan hoton za a san inda za a riƙa ɗora kaurin nama. Murhunan Amurka da ma'aunin Farenhait suke ƙidaya, saboda haka a haddace cewa 225 shi ne 107 a Salsiyos, 250 shi ne 121, 350 shi ne 177.

Mataki na bakwai: gashin kansa

A fara da kaza, domin ba ta da tsada kuma ba ta daɗewa. A tsaga bayanta a baje ta, a shafa gishiri da yaji, a ba ta kamar minti 40 a digiri 107 ta sha hayaƙi, sannan a ɗaga zuwa 190 don fatar ta soyu, in ba haka ba za ta yi danƙo. Ma'aikatar noma ta Amurka ta ƙayyade cewa kafin a ci, zafin ya kai aƙalla digiri 74 a cikin tsokar kaza, 71 ga niƙaƙƙen nama, 63 ga yankan sa ko rago tare da hutun minti uku. Yaji mai ƙuli-ƙuli yana saurin ƙonewa a babban zafi, don haka a bar wani kaso a barbaɗa a ƙarshe.

Ƙirjin saniya, wanda mutanen Texas ke alfahari da shi, shi ne babban gwaji. A rage kitsensa ya saura kamar rabin santimita, a shafa gishiri da barkonon masoro, a ɗora a digiri 107 zuwa 121. Idan zafin cikinsa ya kai wajen 65 zuwa 75 zai tsaya cak, wani lokaci har awa uku ko fiye, kuma a nan ne sabon shiga ke firgita ya ƙara wuta. Ba lalacewa murhun ya yi ba; ruwan da ke fita daga naman ne ke sanyaya shi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa da zufar jikinta. Idan bayansa ya yi duhu ya kafe, a naɗe shi da takardar mahauta marar kakin zuma ko ta alminiyom a mayar. Ana sauke shi a wajen digiri 95, lokacin da jijiyoyin suka narke tsinin ma'auni yana shiga ba turjiya, sannan a bar shi a naɗe aƙalla awa ɗaya kafin a yanka, a kuma yanka a gicciyen zaren tsoka. A rage buɗe murfi, domin kowace buɗewa zafi ne ke tafiya.

Mataki na takwas: kashewa da tsafta

Kada a zare filogi don a kashe. A sauke zafin tukuna, sannan a danna maɓallin kashewa, fankar za ta ci gaba da hurawa minti goma zuwa goma sha biyar har ragowar ƙwayoyin kasko su cinye. Idan aka katse ta, wuta na iya bin bututun ta koma cikin rumbu. Idan kuma wutar ta mutu da kanta ana cikin gashi, kada a sake kunnawa sai an bar murhun ya huce, an ɗaga tire da faranti an kwashe ƙwayoyin da suka taru, domin tulin ƙwayoyi idan ya turnuƙe ya kama a lokaci guda yana iya bankaɗe murfi. Bayan kowane gashi biyu ko uku, ko bayan dogon gashi ɗaya, a zuƙe tokar kasko idan ta yi sanyi sarai, a kankare tiren kitse, a zubar da bokiti. Musamman bayan an gasa nama mai kitse a ƙaramin zafi, a share tiren kafin a kai murhun digiri 230, domin daskararren kitsen nan shi ne ke kamawa. Idan ya kama, a kashe murhun a bar murfin a rufe, kada a watsa ruwa. A goge ɗan tsinin da ke auna zafi a jikin bangon ciki da tsumma mai laima kaɗan, tun da idan baƙin hayaƙi ya lulluɓe shi lissafinsa yakan kauce, sannan a zazzage rumbu cikin bokiti, a rufe, a ja wa murhun rigarsa.